Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ku: wace midiya ce ke riƙe kwamin kifin koi a zafin Doha?

Bidiyon wannan makon ya ɗan kauce daga waya da kwamfuta, mun buɗe matatar ruwan kwamin kifin koi a nan Doha mun leƙa cikinta. Wasu sun ce me ya haɗa fasaha da kifi, to ku biyo ni, za ku ga lissafin da ke ciki bai fi na batirin waya sauƙi ba. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: cikin kayan da ake zubawa a matata, waɗanda masu shago ke kira midiya, wanne ya kamata mutum ya saya? Amsar ba za ta shiga bidiyo ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuma maganar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. Akwai 'yan uwanmu da dama da ke aikin lambu ko kula da gida a Katar, kwamin kifin maigida na cikin abin da aka damƙa musu. Koi ba tarwada ba ne. A lardin Niigata na Japan aka fara kiwonsa don ado tun ƙarni na 19, kuma a 2018 an sayar da guda ɗaya daga gonar Sakai ta Hiroshima a kan yen miliyan 203, wajen dala miliyan 1.8 ke nan. Na gidajen Doha ba su kai haka ba, amma akwai wanda kuɗinsa ya fi albashin mai ba shi abinci. Ranar da aka wayi gari ya kife ciki sama, ba wanda zai tuhumi kwalin midiya. Kai za a kira.

Aikin da matata ke yi a ɓoye

Kifi yana fitar da amoniya, yawancinta ta gefen kansa inda yake numfashi, sauran kuma daga kashi da ragowar abinci da ke ruɓewa. Amoniya guba ce, kuma ba ta da launi. Ruwa zai iya zama garau kamar gilashi alhali yana ƙona kifi.

Masu kawar da ita wasu ƙananan halittu ne, bakteriya. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya zuwa NO2, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar oksijin. Rukuni na biyu, musamman Nitrospira, su mayar da NO2 zuwa NO3, wanda kifi ke iya jure wa har a rage shi da canjin ruwa. Tun 1890 wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya gano aikin waɗannan halittu, kuma a 2015 aka tabbatar cewa akwai wasu Nitrospira da ke yin matakan biyu su kaɗai.

Abin lura shi ne, ba sa son yawo cikin ruwa. Manne wa abu suke yi, su yi wani ɗan yauƙi ruwan ƙasa a jikinsa. To midiya ba komai ba ce illa masaukinsu. Ita kanta ba ta tace komai. Gidan haya ne, masu hayar ke yin aikin. Don haka tambayar da ta dace ita ce: wane gida ne zai ba su wurin zama, ya kai musu iska da abinci, kuma bai toshe ba?

Labarin megafiksel ne ya dawo

Duk wanda ya daɗe yana bibiyarmu ya san abin da nake faɗa a kan kyamarar waya: megafiksel 108 a rubuce ba ya nufin hoto mai kyau. A kasuwar midiya, megafiksel ɗinsu shi ne faɗin jiki, wato murabba'in mita nawa na wurin zama ke cikin lita ɗaya. Za ka ga kwalin gasasshen yumɓu ko na gilashi mai ƙofofi an rubuta ɗaruruwan murabba'in mita a lita guda. Ka juya ga robar K1, ka tarar rabin murabba'in mita kacal take da shi a lita, wato 500 a murabba'in mita mai zurfi ɗaya, lita 1,000. Duk mai kallon lamba zai ce yumɓu ya yi wa roba fintinkau.

Ga inda gizo ke saƙar. Babbar lambar tana haɗawa da ƙananan ramuka na can cikin dutsen. Wasu sun yi wa bakteriya ƙanƙanta, ba za ta ma shiga ba. Waɗanda ta shiga kuwa, da zarar yauƙi da datti sun rufe bakinsu, ruwa ya daina ratsawa. Oksijin ba ya nutsawa cikin yauƙin nan fiye da ɗan abin da bai kai rabin milimita ba, don haka na sama ne kawai ke aiki, na ciki sun shaƙe. A ƙaramin akwatin gilashi na falo mai kifaye kaɗan da ruwa mai tsabta, yumɓu na iya daɗewa yana aiki. Amma koi acici ne, kashinsa da yawa, kuma kwaminsa a waje yake.

Saboda haka ni lambar da nake nema ita ce faɗin da ruwa mai iska ke taɓawa bayan wata shida, ba na ranar da aka buɗe kwali ba.

Abubuwa uku da Doha ke ƙara wa lissafin

Yawancin shawarwarin da za ku gani a intanet daga Ingila, Jamus ko Japan suka fito, inda matsalarsu sanyi ne. Tamu akasin haka ce.

Na farko, zafi. Daga Yuni zuwa Satumba wuce digiri 40 ba labari ba ne a Doha, a Yulin 2010 ma an auna 50.4. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai: a digiri 20 yana ɗaukar kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauka zuwa 7.5, a 35 bai kai 7 cikakke ba. A daidai lokacin kuma jikin kifi na ƙara gudu, yana ci da yawa, yana shaƙa da yawa. Su ma bakteriyar masu cin iska ne na gaske, domin kowane giram ɗaya na amoniya da za su sarrafa sai sun cinye kusan giram 4.6 na oksijin. Kun ga ke nan kifi da matata suna rububin abu ɗaya, a lokacin da ya fi ƙaranci. Wannan shi ne irin abin da ke faruwa da waya idan ta yi zafi ta rage gudu: kayan cikinta na nan, amma ba ta iya amfani da su.

Zafin yana ƙara wa amoniya dafi ma. Kashin da ke cutar da kifi yana ƙaruwa da ɗumi da kuma pH. A digiri 30, idan pH na 7, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan pH ya kai 8, ya haura kashi 7. Sakamakon gwajin da zai wuce lafiya a watan Janairu na iya zama ajali a Agusta.

Na biyu, ruwan famfo. Kusan duk ruwan sha na Katar daga teku ake tace shi, a tashoshi irin su Ras Abu Fontas, Ras Laffan da Umm Al Houl, hukumar Kahramaa ta raba shi. Ana mayar masa da ma'adanai kafin ya iso gida, kuma don sha ba shi da laifi. Sai dai abin da masu kifi ke kira KH, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, ba lallai ya kai abin da kwamin koi ke buƙata ba. Bakteriya kuwa cin KH suke yi: giram 7 da ɗoriya a kan kowane giram na amoniya. Idan ya ƙare, pH ya faɗi farat ɗaya. Ƙasa da 6.5 aikinsu ya yi sanyi, kusa da 6 ya kusa tsayawa cak. Mutum zai ga matata ta daina aiki ya ce midiya ce ba ta da kyau, ya je ya sayo wata, alhali ruwan ne ya yi tsami.

Na uku, ƙura. Iskar shamal da ke kaɗawa daga arewa maso yamma, musamman a Yuni da Yuli, tana zubo ƙura mai laushi kamar gari. Mu da muka san hunturun Kano da Maraɗi ba baƙonmu ba ne. Duk abin da ya faɗa kwami, ƙarshensa matata. Midiya mai ƙananan ramuka ita ce ta farkon toshewa.

Ɗaya bayan ɗaya

*Robar K1 mai yawo.* Wasu 'yan ƙananan robobi ne kamar taliyar da aka yayyanka, faɗinsu wajen santimita ɗaya, da gicciye a ciki. Asalinsu ba na kifin ado ba ne. Farfesa Hallvard Ødegaard na jami'ar fasaha da ke Trondheim a Norwe ya ƙirƙiro tsarin a ƙarshen shekarun 1980 don tace ruwan ƙazantar gari, kamfanin Kaldnes ya kai shi kasuwa, daga baya Evolution Aqua na Ingila ya shigo da shi harkar koi. Ana zuba su a duro, a hura iska daga ƙasa, su riƙa juyawa kamar wake a tukunya. Gogar juna da suke yi tana kankare tsohon yauƙi, sabo ya tsiro a cikin gicciyen. Ba sa toshewa, ba a wanke su, kuma iskar da ke juya su ita ce dai oksijin ɗin da ake nema. A yanayin Doha wannan ba ƙaramin abu ba ne. Raunin tsarin biyu ne: ba ya kama datti ko kaɗan, kuma ransa na hannun injin hura iska. Kada a cika duron ya wuce rabi ko sama da haka kaɗan, in ba haka ba za su cushe su daina motsi. Sababbi sukan yi kwanaki suna iyo a sama kafin su jiƙa, wannan ba matsala ba ce.

*Tabarmar Japan.* Wata katifa ce mai tauri ta zaren roba, galibi shuɗiya, ana yanka ta a jera a tsaye da ɗan tazara don ruwa ya ratsa. Tana shekaru ba ta lalace ba, kuma bayan bakteriya takan tara wasu ƙananan halittu masu cin datti, ruwa ya yi kyau. Amma a lokacin ƙura tana buƙatar girgizawa a kai a kai, kuma dole a sa mata duwatsun iska a ƙasa. Idan babu iska, ƙasanta zai zama baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

*Shawa.* Tire-tire ne a jere a sama da juna, cike da gasasshen yumɓu mai manyan ƙofofi, ruwa na zubowa ta cikinsu kamar ruwan sama. Gonar Momotaro ta Okayama ce ta yi suna da shi, da sunan Bakki Shower. A nan ne yumɓu ke nuna kansa, domin ba a nutse yake ba, yana cikin iska tsundum. Wajen cusa oksijin babu kamarsa, kuma tururin da ke tashi na ɗan sanyaya ruwa idan iska a bushe take. Sai dai a Agusta da Satumba, lokacin da laimar teku ta cika gari, sanyayawar ba ta taka kara ta karya ba. Yana shan ruwa, yana son babban injin turawa, yana da ƙara, kuma idan injin ya tsaya da tsakar rana, yumɓun na iya bushewa, masu hayar su mutu. Wanda zai sa shi, ya sa a inuwa.

*Yumɓu da gilashi a nutse.* Su ne masu manyan lambobi a kwali, kuma sukan fi tsada. A kwamin waje ba na ba da shawararsu, sai idan akwai matata mai kyau sosai a gabansu da ke cire datti.

*Tsakuwa da dutsen aman wuta.* Suna da arha, suna aiki a watannin farko, daga nan su zama rumbun taɓo. Wanke su a zafin Yuli aikin gayya ne, kuma wankin da kansa yana kashe rabin abin da aka tara.

*Ziyolait.* Masu shago na yawan haɗa shi da midiya, amma aikinsa daban. Tsotse amoniya yake yi kamar soso har ya cika. Kuma idan aka zuba gishiri a kwami, yana iya sako abin da ya tsotsa. Na gaggawa ne kawai.

Ko wacce kuka zaɓa, akwai sharaɗi ɗaya da ba a tsallakewa: a cire datti kafin ruwa ya isa wurin bakteriya. Ko da burushi ne, ko rariya, ko duron da datti ke kwantawa a ƙasansa, ko na'urar nan mai juyawa da ke wanke kanta idan aljihun maigida ya kai. Matatar datti daban, masaukin bakteriya daban. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya, duk ranar wanki sai ya rushe gidan da ya gina.

Nawa za a saya? A auna abinci, ba ruwa ba

Yawanci mai shago zai tambaye ka lita nawa kwaminka yake. Tambayar da ta fi wannan ita ce giram nawa na abinci kake zubawa a rana, domin daga abinci amoniya ke fitowa. Ƙa'idar da masu kiwon kifi a tankuna ke bi ita ce, kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyin abinci ke komawa amoniya.

Mu ɗauka kana ba su giram 100 a rana. Amoniya giram 3 ke nan. Idan muka yi taka-tsantsan muka ce kowane murabba'in mita na yauƙi zai cinye giram 0.2 a rana, ana buƙatar murabba'in mita 15, wato lita 30 na K1. Ni sai in ce a sa 50, saboda kifi girma yake yi kuma cinsa na ƙaruwa da zafi.

Wannan giram 3 ɗin zai ci oksijin wajen giram 14, ban da na kifin kansa. Zai kuma ci KH wajen giram 21. A kwami mai lita 10,000, hakan na nufin KH zai riƙa sauka da maki ɗaya duk kwana 8 zuwa 9. Idan da maki 3 ka fara, kuma ba ka canjin ruwa sosai, kafin wata ya cika ka shiga haɗari. Shi ya sa nake cewa kwalbar gwajin KH ta fi ƙarin buhun midiya amfani. A riƙe shi a maki 5 zuwa sama. Bekin soda na girki na ɗaga shi, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa, sannan a ajiye buhun dakakken ɓawon kawa a cikin matata ya zama mai gadi, domin yana narkewa ne idan ruwa ya fara tsami. Wani ya tambaye ni ko kanwa za ta yi. A'a. Ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, kuma tana iya harba pH sama da sauri.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: idan ka tarar pH ya riga ya faɗi kuma amoniya ta taru, kada ka antaya soda lokaci guda. Tsamin ne ke rufe dafin amoniyar, da ka ɗaga pH za ta farka. A dakatar da abinci, a canja wani ɓangare na ruwan, sannan a ɗaga a hankali.

Makonnin farko

Sabuwar midiya, komai tsadarta, kango ce. Bakteriyar nan ba sa saurin hayayyafa, sukan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin su cika gida. Ɗumin Doha na taimaka musu, don sun fi walwala tsakanin digiri 25 zuwa 30, amma ba ya mayar da makonni su zama kwanaki. A wannan lokaci a rage abinci, a gwada amoniya da NO2 kullum. Idan NO2 ya hau, gishiri giram 1 a kowace lita na rage shigarsa jinin kifi. Hanya mafi sauri da na sani ita ce a samo 'yan litoci na tsohuwar midiya daga kwami mai lafiya a haɗa da sabuwa.

Idan za a canja midiya, kada a kwashe tsohuwar rana ɗaya. A bar su tare na wata guda ko fiye. Kada a wanke midiya da ruwan famfo, kulorin da ke kare mu daga cuta shi ne ke kashe su, da ruwan kwamin ake ɗauraye ta. Duk sabon ruwa a sa masa maganin cire kulorin, kuma a taɓa shi da hannu tukuna, don kowa a Doha ya san yadda ruwan tankin saman bene ke fitowa da rana a lokacin zafi. Koi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 25, saboda haka rumfa da na'urar sanyaya ruwa ba ƙawa ba ne a nan. Babu midiyar da za ta ceci kifin da ke dahuwa.

Ga na gida masu tarwada

Na san da yawanku a Kano, Zariya, Katsina ko Maraɗi kuke karantawa, kuma tarwada kuke kiwo a kwamin siminti ko na tamfol. Lissafin nan duk naku ne, musamman masu ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi da masu son rage zubar da ruwa kullum. Tarwada na iya ɗagowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa take jure ruwan da koi ba zai kwana a ciki ba. Amma bakteriyar matata ba su da wannan baiwar.

Bambancin gida da Doha shi ne wuta. A nan ba kasafai take ɗaukewa ba, a gida kuwa kun fi ni sani. Duron K1 da iska ta tsaya masa na sa'o'i da yawa zai fara mutuwa. Don haka kafin ku sayi midiyar waje, ku fara ɗora injin iskar a kan sola da batir, ƙaramin inji ne, bai kai firji ci ba. Idan kuɗi bai kai ba, soson roba na wanke tukunya, wanda ba a sa masa sabulu ko magani ba, masauki ne mai kyau ƙwarai. Haka buhunan albasa na raga, da murafen gorar ruwa, da bututun wayarin da aka yayyanka ƙanana. Bakteriya ba ta karanta sunan kamfani.

Hukuncina

Ga kwamin koi na waje a Doha, abin da zan zaɓa shi ne matatar datti mai sauƙin wankewa a gaba, duron K1 mai wadatacciyar iska a bayanta, da buhun ɓawon kawa a gefe. Idan akwai fili da kuɗi, a ƙara shawa a inuwa don watannin zafi. Tabarmar Japan ita ce ta biyu a wurina, ga wanda ba ya ƙyashin girgiza ta. Tsakuwa da yumɓu a nutse, a bar wa akwatin falo.

Idan kuma maigida ya ba ka kuɗi ya ce ka gyara matata, ga yadda zan raba su: kayan gwajin amoniya, NO2, pH da KH tukuna, sai injin iska na biyu da zai zauna a ajiye, sannan midiya da abin da ya rage. Ka kuma samu ɗan littafi ko shafi a wayarka kana rubuta sakamakon gwaji da kwanan wata. Ranar da wani abu ya faru, wannan rubutun ne zai yi magana a madadinka.

A bidiyo na gaba za mu gwada na'urorin auna zafin ruwa da pH masu turo saƙo waya, mu ga wanne ne ke faɗin gaskiya idan aka haɗa shi da gwajin kwalba. Masu kwami, ku rubuto mana giram nawa kuke ba kifinku a rana da irin midiyar da kuke da ita, sai mu yi lissafin tare. Sai mun haɗu.